Kifin teku da maganinsa ke cikin ruwan daɗi

A kudancin tsibirin Tasmaniya na ƙasar Ostireliya akwai wani jirgin ruwa mai tsawon mita 116, mai suna Ronja Storm, wanda babban aikinsa shi ne yi wa kifi wanka. Jirgin kan tsaya a gefen kejin kifin salmon da ke cikin teku, ya zuƙo dubban kifaye zuwa manyan tankunansa, ya bar su cikin ruwan daɗi na awa 2 zuwa 3, sannan ya mayar da su. Ba don tsafta ake wannan wahala ba. Wata ƙwayar halitta da ido ba ya gani ce ta tilasta wa masu kiwon kifin kashe maƙudan kuɗi a kai.

Ƙwayar daga dangin amiba take, masana na kiranta Neoparamoeba perurans. Tana rayuwa a ruwan gishiri, kuma inda take kamawa shi ne gaɓɓan numfashin kifi, wato jajayen zare-zaren nan da ke ƙarƙashin murfin gefen kai, waɗanda mai saye kan buɗa ya duba ko kifi sabo ne. Ta nan kifi ke tace iskar oksijin daga ruwa. Idan amibar ta manne, sai naman wurin ya yi kauri, zare-zaren su haɗe da juna, yauƙi ya taru, fararen tabo su bayyana. Kifin ya daina cin abinci, ya riƙa yawo a saman ruwa yana haki, girmansa ya tsaya. Idan ba a yi magani ba, rabin kifin keji na iya mutuwa.

Tasmaniya ta fara kiwon salmon a 1984, da irin da asalinsa daga Kanada yake, kuma ba a jima da sa kifin a teku ba cutar ta ɓulla. An shafe kusan shekara 20 ana ɗora laifin a kan wata amiba ta daban mai kama da ita. Sai a 2007 masu bincike a Jami'ar Tasmaniya suka gano cewa sabon jinsi ne, suka ba shi suna, kana a 2012 aka tabbatar ta hanyar gwaji cewa shi ne ke haddasa cutar.

Dabarar wankan ta samo asali ne daga halittar kifin kansa. A kogi ake ƙyanƙyashe salmon, daga baya ya gangara teku, don haka jikinsa na jure ruwan daɗi da na gishiri. Amibar ba ta da wannan baiwa. Ruwan daɗi na kashe mafi yawanta, yana kuma wanke yauƙin da ya toshe numfashi. Sai dai da zarar an mayar da kifin teku, cutar na sake kama shi cikin 'yan makonni, musamman da zafi. A wasu gonakin akan maimaita wankan fiye da sau 10 kafin kifi ya isa kasuwa. Ma'aikata kan ɗebo kifi daga keji lokaci zuwa lokaci, su duba tabon, su ba shi maki daga 0 zuwa 5, makin ne ke nuna ranar wanka ta gaba. An ƙiyasta cewa cutar na cin kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na kuɗin noman salmon a Tasmaniya.

A nan ne babbar matsalar take. Sana'ar da ke zaune a tsakiyar teku ta wayi gari tana dogaro da ruwan daɗi mai ɗimbin yawa, kuma ta fi bukatarsa da bazara, lokacin da ya fi ƙaranci. A shekarun farko, daga madatsun ruwa ake cika manyan tamfol, a ja su zuwa kejin. Shi ya sa kamfanin Huon ya kawo Ronja Storm a 2020, domin jirgin na da injin cire gishiri daga ruwan teku, yana samar wa kansa ruwan wankan.

An daɗe ana ɗaukar cutar a matsayin jarrabawar Tasmaniya, saboda ruwanta ya fi na sauran ƙasashen salmon ɗumi. Wannan tunani ya rushe sannu a hankali. An gan ta a Ireland a 1995. A kakar 2006, bayan teku ya yi ɗumin da ba a saba gani ba, ta ɓulla a gonaki 4 a yammacin Norway, ƙasar da ke samar da kusan rabin salmon ɗin kiwo na duniya, inda gona ɗaya ta rasa kusan kashi 80 cikin 100 na kifinta. Chile ta gan ta a 2007. Daga 2011 zuwa 2012 ta mamaye gonakin Ireland da Scotland, kuma tun daga lokacin ta zama baƙuwar kowace shekara a arewacin Turai. Abubuwa biyu ne ke tafiya da ita a ko'ina: ɗumin ruwa da yawan gishiri. Shekarar da ruwan sama ya yi ƙaranci, gishirin gaɓar teku na ƙaruwa, cutar ta samu wurin zama.

A Turai, inda kai ruwan daɗi zuwa keji ke da wuya, an fi karkata ga sinadarin haidurojin feroksaid. Shi ma yana da nasa haɗari, domin idan ruwa ya yi ɗumi yakan ƙona gaɓɓan numfashin da ake son ceto. Ga shi kuma kowane irin wanka na bukatar a cunkusa kifi a zuƙe shi ta bututu, abin da kan ƙarasa wanda numfashinsa ya riga ya raunana. Har yanzu babu allurar rigakafi a kasuwa. Abin da ya fi ba da fata shi ne zaɓen iri: tun 2004 hukumar bincike ta Ostireliya, CSIRO, da masu kiwon Tasmaniya ke haɗa kifaye masu juriya, kuma hakan ya tsawaita tazarar da ke tsakanin wanka da wanka.

Ga mai kiwon tarwada a Najeriya, wannan amiba ba barazana ba ce, tunda ba ta rayuwa a ruwan daɗi. Amma ga ma'aikatar harkokin teku da aka kafa a 2023, wadda sashen kamun kifi ya koma ƙarƙashinta, akwai abin lura idan aka zo batun kiwon kifi a keji a gaɓar teku. Tasmaniya ta sa kifi a ruwa kafin ta san abin da ke cikin ruwan, ta kwashe shekaru kafin ta san sunan abin da ke kashe shi, kuma shekara 40 bayan haka tana biyan kuɗin wanka. Lissafin irin wannan gona bai cika ba sai an sa kuɗin likitan kifi, ɗakin gwaji, da ruwan da za a yi magani da shi.