Kafin a Rataye Talabijin, a Fara Tambayar Bango

Talabijin ta sauya siffa. Masu shekaru sun tuna babban akwatin nan mai ƙeya da ake kallon CTV 67 a cikinsa tun bayan da gwamnatin Abubakar Rimi ta buɗe tashar a Kano a 1982. Wannan akwati, idan aka ɗora shi a kan tebur ya zauna ke nan, yaro bai isa ya ture shi ba. Ta yanzu kuwa siririya ce, ƙafafunta biyu 'yan mitsil, iskar da ta kaɗa labule ma tana iya rinjayarta. Shi ya sa daga Bebeji zuwa Kiru, daga Tudun Wada har Doguwa, duk wanda ya sayi wadda ake kira filasma, ko aka kai wa amarya ita cikin kayan ɗaki, magana ɗaya ce: a maƙala ta a bango.

Shawarar tana da kyau. Tana kare talabijin daga hannun yara, tana kuma kare yaran daga faɗowarta. Sai dai mafi yawan mutane hankalinsu yana tafiya ne wajen ƙarfen ratayewa, wato hanga, alhali ba kasafai ƙarfen ke cin amana ba. Bango ne ke sakin kaya.

A garuruwanmu na kudancin Kano bango iri-iri ne. Akwai ginin bulo, akwai ginin ƙasa tsantsa, akwai kuma na uku wanda ya fi yaudara: ginin ƙasa da aka shafe da siminti aka yi masa fenti. Ido ba ya bambanta shi da na bulo. Mai aiki zai zo da injin huda bango, ya ji tauri a farko, sai kuma bakin injin ya zurma kamar an soka cokali a tuwo. Wannan taurin na farko filasta ce kawai, kaurinta bai wuce na ɗan yatsa ba. Robar nan da ake cusawa a rami, wadda masu aiki ke ce wa fisha, aikinta shi ne ta buɗe idan sukuru ya shige ta, ta danne gefen ramin. A cikin kankare ko bulo mai kyau tana samun abin dannewa. A cikin ƙasa kuwa gefen ramin marmashewa yake yi. Ranar farko talabijin za ta zauna daram, kowa ya yaba. Amma duk lokacin da aka taɓa ta don sa waya ko goge ƙura, ramin yana ƙara faɗi, har ranar da filastar za ta ɓamɓaro gaba ɗaya da kayan da ke jikinta.

Damina tana ƙara dagula lissafin. Wannan yanki ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, musamman idan aka doshi dajin Falgore da duwatsun Riruwai. Hadarinmu kuma galibi daga gabas yake tasowa, don haka bangon gabas na waje shi ke shan dukan ruwa. Ƙasar da ta yi tauri a watan Maris, a watan Agusta ta sha danshi ta yi laushi. Wanda zai rataye talabijin ya zaɓi bangon tsakiya, wanda ya raba ɗaki da ɗaki, ya kuma ɗaga kai ya duba ko akwai alamar yoyo daga kwano a wurin.

To mai ginin ƙasa ya haƙura ke nan? A'a. Wasu suna huda bangon ya ɓulla ɗaya gefen, su zura dogon ƙarfe mai zare, su sa faffaɗan ƙarfe ko katako a baya su ɗaure da noti, ta yadda nauyin zai bazu. Dabarar tana aiki, amma katako a jikin ƙasa gayyata ce ga gara. A ganina abin da ya fi shi ne a je wajen mai walda ya haɗa tsayayyen ƙarfe mai ƙafa biyu, a haƙa daɓe a dasa shi da siminti dab da bango, sannan a ɗaura hangar a kansa. Nauyin ya koma ƙasa ke nan, bango ya huta. Daga nesa ba wanda zai ce ba a bango take ba, kuma babu garin da za a rasa mai walda a cikinsa daga Kofa har Dadin Kowa.

Shi ma mai ginin bulo kada ya saki jiki. Bulon da muke amfani da shi, mai inci 6 ko inci 9, rami ne da shi a ciki, fatarsa ce kawai ke riƙe sukuru. Kuma kowa ya san yadda wasu masu buga bulo ke ƙure buhun siminti ɗaya don ya fitar da bulo da yawa. Idan garin da ke fitowa daga ramin yashi ne zalla mai zubowa, ƙusa ma tana iya kankare shi, to wannan bulo ba abin dogaro ba ne. A nan ana so a huda a hankali, ba tare da kunna bugun injin ba, a yi amfani da baki daidai da girman fisha, mai lamba 8 ko 10, sukurun kuma ya yi tsawon da zai wuce filasta ya kama bulon kansa. Ramuka huɗu aƙalla. Sai a ɗora filam ɗin magina a kan hangar a tabbatar ta miƙe kafin a ƙarasa ɗaurewa, a kuma ja ta da ƙarfi da hannu biyu. Idan ta motsa a hannun mutum, kada a ɗora mata komai. Abin da ba na so in gani shi ne ƙusar kankare da guduma, ko a fere itace a cusa a rami. Itacen yana bushewa da hunturu ya yi sako-sako.

Kafin a huda komai, a tuna da wayar wuta. A gidajen da aka binne wayarin, bututun yakan tashi ne sak daga soket ko makunni ya yi sama. Kada a huda a kan wannan layi, kuma a kashe wuta daga tushe, ko ta KEDCO ce ko ta sola.

Batun ƙarfen kansa bai da wuya. A bayan kusan kowace talabijin ta zamani akwai ramuka huɗu da aka tsara bisa ma'auni guda na duniya mai suna VESA: milimita 100 da 100 ga ƙanana, 200 da 200 ga matsakaita, 400 da 400 ga wasu manya. A jikin kwalin hanga ana rubuta ma'aunin da take ɗauka da iyakar nauyinta. Talabijin mai inci 32 ta yanzu ba ta cika wuce kilo 5 ba, mai inci 43 tana kusan kilo 8. Amma filasma ta ainihi, wadda manyan kamfanoni suka daina ƙerawa wajajen 2014 kuma har yanzu ake samun ta hannu a kasuwa, mai inci 42 tana iya haura kilo 20. Wanda ya sayi irin wannan ya san cewa kaya ya ɗauko. Hanga mai hannu, wadda ake jawowa a juya, tana da daɗin sha'ani, sai dai duk lokacin da aka miƙe hannun, ƙarfin da ke fizgar sukurorin sama yana ninkuwa. Ba ta dace da bango mai rauni ba. Sukurun da ke shiga bayan talabijin kuma idan ya yi tsawo yana iya taɓa kayan ciki ya lalata su, don haka kada a tilasta shi.

Ga wanda zai yi sayayya a Sabon Gari a Kano, ya sa mai shago ya gwada hangar a jikin talabijin ɗin a gabansa, ya ƙirga sukurori. Mutumin da ya kai Riruwai sannan ya gano noti ɗaya bai hau ba, ya san tsawon hanyar da ke tsakaninsa da Kwanar Dangora, balle Kano. A mota kuma a tsaye ake ɗauko ta cikin kwalinta, ba a kwance a ƙarƙashin buhu ba.

Sai tsayi, inda kusan kowa ke kuskure. Mun kwaikwayi gidajen kallon ƙwallo, inda ake kai talabijin kusa da rufi don na baya su hango. A gida ba haka ba ne. Tsakiyar allon ya kamata ta yi daidai da idon mai kallo a zaune, wato kimanin mita ɗaya da ɗoriya daga ƙasa ga mai zama a kujera. Mu kuwa da yawanmu a tabarma ko kafet muke zama, musamman mata da yara da ke jiran Daɗin Kowa a Arewa24. Sa'a biyu ana ɗaga wuya, gobe a ce an tashi da ciwon kai. Idan dole ne a ɗaga ta saboda yara, a sayi hangar da ke ɗan sunkuyowa, a kuma tattare wayoyi cikin robar rufe waya a manna a bango. Waya mai reto ita ce abin da mai rarrafe ke fara kamawa.

A bar 'yar tazara a baya don iska, a riƙa goge ƙurar hunturu daga ramukan shan iskarta, kada kuma ta fuskanci taga. Idan hadari ya haɗu ana walƙiya, a zare wayar wuta da ta eriya ko dikoda. Ɗan haya ya nemi izinin mai gida kafin ya huda masa bango.

Mutum biyu ke ɗaga talabijin su saƙala ta, ba mutum ɗaya ba, sannan a ɗaure 'yan sukurorin kulle da ke ƙasan hangar, waɗanda masu aiki da yawa ke mantawa da su. Jama'a, idan mai aiki ya zo ya fara fiddo injin huda bai ƙwanƙwasa bangon ba, bai tambayi ko ƙasa ce ko bulo ba, a dakatar da shi a nemo wani.