Wayar da ke cewa 8+8: ina sauran takwas ɗin?

Tun da kwalayen waya suka fara zuwa da rubutun "8+8GB RAM", musu ya ƙi ƙarewa a kasuwar Farm Centre ta Kano. Mai saye ya dage cewa wayarsa RAM 16 gare ta, wai ta ninka iPhone 13 mai 4 kacal har sau huɗu. Mai shago ba zai gyara masa lissafi ba, tunda ciniki ya faɗa.

Takwas ɗin farko ne na gaske. Na biyun aro ne daga ma'ajiyar wayar, inda hotuna da bidiyo ke zama. Samsung na kiran dabarar RAM Plus, Infinix kuma MemFusion. Ɗauki mai shayi: RAM teburinsa ne, ma'ajiya kuwa ɗakin ajiyarsa da ke bayan layi. Ko ya rantse ɗakin ma tebur ne, wanda ya nemi madara sai ya jira an tashi an ɗauko. Aron yana taimaka wa manhajar da ka bari a baya kada ta rufe, amma ba ya ƙara wa waya gudu. Gudu aikin firosesa ne, da irin ma'ajiyar kanta: UFS ta fi eMMC da ke cikin yawancin wayoyi masu araha sauri nesa ba kusa ba.

Abin da ba a tambaya a shago shi ne shekara nawa kamfani zai ci gaba da sabunta manhajar. Google ya yi wa Pixel 8 alkawarin shekara 7 a 2023, Samsung ya bi sahu da Galaxy S24 a 2024. A Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a Android da ke ƙasa da 5.0, wayoyi masu lafiya suka koma na kira kawai da kallon hoto.

Kada a raina Tecno da Itel. Kamfanin da ke ƙera su, Transsion na Shenzhen, ya karanci wutar lantarkinmu: batir mai 5000mAh, layi biyu, ga gilashin da kowane mai gyara ke da shi a aljihun tebur. Ga ɗan kasuwar da ke wuni a rana, wannan ya fi masa iPhone ɗin hannu da batirinta ya gaji.

Hukumar sadarwa ta NCC na tantance wayoyi kafin a sayar da su. Da za ta leƙa abin da ake bugawa a jikin kwali ma, da an raba RAM na gaske da na aro da manyan baƙaƙe.