Awon Sinadarin Maza: Lamba Ɗaya Ba Ta Isa a Yi Allura Ba

A unguwar GRA ta Bauchi, inda ma'aikata da 'yan fansho da manyan 'yan kasuwa suke zaune, akwai damuwar da magidanci ba ya kawowa majalisa, sai dai ya raɗa wa likita ko mai kemis: yawan kasala, raguwar sha'awa, da tumbin da ke ta turowa bayan an haura arba'in. Wasu sukan je awon jini, su dawo da takarda mai lamba ɗaya, daga nan a shiga neman allurar testosteron irin su Sustanon. Alhali lambar nan ita kaɗai ba ta isa a yanke hukunci da ita ba, ko kafin a fara magani ko bayan an fara.

Maraina ne ke samar da mafi yawan testosteron a jikin namiji. Idan ya shiga jini, kusan kashi 98 cikin 100 nasa a ɗaure yake da wasu furotin biyu da hanta ke yi: SHBG mai riƙon tsiya, da albumin wanda riƙonsa sako-sako ne. Wanda ke yawo a sake kusan kashi 2 ne kawai, shi ne kuma ke saurin kaiwa ga tsoka da ƙashi da ƙwaƙwalwa. Kamar garke ne da aka ɗaure mafi yawansa a turke: ƙirga shanun duka ba zai gaya maka nawa suka fita kiwo ba.

Gwajin da aka fi yi jimilla yake ƙirgawa, ɗaurarre da sakakke tare. Mai ƙiba ko mai ciwon suga yakan samu SHBG ɗinsa ya yi ƙasa, sai jimillar ta faɗi, ga shi kuwa sakakken nasa lafiya lau. Irin wannan, rage ƙiba da daidaita suga ne maganinsa. Shi kuma dattijo, ko mai ciwon hanta nau'in B, ko mai ɗauke da HIV, ko mai shan wasu magungunan farfaɗiya, SHBG ɗinsa kan hau. Takardarsa za ta nuna komai daidai, amma wanda ke aiki a jikinsa ya yi kaɗan. A nan ne awon sakakken testosteron yake da muhimmanci.

Hanyoyi uku ake bi. Wadda ta fi inganci ita ce a raba sakakken da ɗaurarre ta wata siririyar matata kafin a auna, sai dai tana da tsada kuma ɗakunan gwaji ƙalilan ne ke yin ta a duniya. Ta biyu, gwajin kai-tsaye mai araha, wanda ƙungiyar likitocin sinadaran jiki ta Amurka ta yi gargaɗi a jagoranta na 2018 cewa kada a dogara da shi. Ta uku ita ce lissafi: a auna jimilla da SHBG da albumin, a saka su cikin tsarin da Alex Vermeulen na Beljiyam da abokan aikinsa suka wallafa a 1999. Wannan ce ta fi dacewa da yanayinmu. Saboda haka, idan takarda ta ce "sakakken testosteron", tambayi ma'aikacin ɗakin gwajin ta wace hanya aka samo shi.

Lokacin ɗibar jini ma yana sauya sakamako. Sinadarin ya fi yawa da safe, ya ragu da yamma, shi ya sa ake so a ɗiba kafin ƙarfe 10 na safe, kafin karyawa. Wanda ya sha koko da ƙosai ko shayi mai suga, lambarsa na iya sauka. Zazzaɓin cizon sauro, rashin barci da shan tiramol duk suna danne shi. Don haka ba a cewa mutum yana da ƙarancinsa sai an maimaita awon wata safiyar, kuma alamomin ciwon sun bayyana a jikinsa. A kula da ma'auni: wani ɗakin gwaji na rubuta ng/dL, wani nmol/L, kuma 300 a na farko daidai yake da kusan 10.4 a na biyu.

Ga wanda ya riga ya fara magani, dole awo ya bi jadawalin allura. Mai gajeren zango da ake yi duk mako ɗaya ko biyu, a tsakiyar tazarar ake ɗibar jini. Mai dogon zango irin su Nebido, dab da allura ta gaba. Wanda aka ɗibi jininsa kashegarin allura zai ga lamba ta yi sama, har a rage masa magani ba gaira ba dalili. Ana sake awo bayan wata 3 zuwa 6, sannan duk shekara, tare da gwajin PCV, domin allurar na ƙara kaurin jini, kuma idan ya wuce kashi 54 ana dakatar da ita. Masu shekaru kuma a duba musu prostate, ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsara, da gwajin PSA.

Abin da ba a cika gaya wa maza ba shi ne, testosteron na allura yana sa maraina su rage yin maniyyi mai ƙwayoyin haihuwa, wani lokaci su daina gaba ɗaya na tsawon watanni. Ango ko mai neman ƙarin zuri'a na iya jawo wa kansa abin da bai yi zato ba.

Duk magidancin da ke jin waɗannan alamomi, ya garzaya wajen ƙwararren likita, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ko wani asibitin da ya yarda da shi, ya tafi da takardun awonsa duka da ranar allurarsa ta ƙarshe. Kada ya bari a yi masa wannan allura a kemis kan maganar aboki.