Bayan Doki da Kofatonsa

A labarin da Daurawa ke bayarwa, ƙishirwar doki ce ta kai Bayajida bakin rijiyar Kusugu. Ya sauka gidan tsohuwa Ayana da dare, ya nemi ruwan da zai shayar da abin hawansa, ta ce masa ai ruwa sai Juma'a, don macijiya ta tsare rijiya. Da bai damu da dabbarsa ba, da ya kwanta ya jira gari ya waye. Tun daga nan doki bai bar tarihin garin Daura ba. Shi ne adon hawan Sallah, shi ne na hawan Magajiya, shi ne na Sallar Gani a watan Mauludi, lokacin da hakimai ke zuwa jahi gaban Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, wanda ya hau gadon sarauta a 2007.

'Yan kallo suna ganin jalala da kwalkwali da rawani. Abin da ke ƙarƙashin sirdi kuwa sai mai barga. Doki dabba ne da Allah ya halitta cikin waɗanda ake farauta a daji, saboda haka ɓoye ciwo ɗabi'arsa ce, don wanda ya nuna rauni shi kura ke bi. Ba ya ihu kamar kare. Sai dai jiki magayi. Ingarman da ya saba tsayawa a ɗaura masa sirdi, yau ya kwantar da kunne, yana kaɗa wutsiya, yana lotsa baya da an ja majayi, ko ya kai cizo, sau da yawa ba tsaurin kai ba ne, ƙara yake kawowa. Mu kuma sai mu amsa masa da bulala da kaimi, abin da ke ba ni takaici ƙwarai.

Doki yana da haƙarƙari 18 a kowane gefe, kuma a kansu ya kamata nauyin sirdi ya zauna. In sirdi ya zarce haƙarƙarin ƙarshe, ya hau kan ƙugu inda babu abin tallafi. In ya matse gaba, ya danne tozo. Sirdinmu na gargajiya itace ne, ba ya lanƙwasa don ya bi jikin dabba, shi ya sa zubka mai kauri da tsabta ba ado ba ce. Sirdin da aka sassaƙa wa ingarma ba zai zauna daidai a bayan kuru ba, kuma dokin da ya rame da rani ba shi ne wanda aka gwada wa sirdin da kaka ba. Bayan an sauke kaya a duba gumi: inda ya bushe alhali kewayensa ya jiƙe, nan ne ake dannewa. Farin gashi da ya tsiro a bayan akawal tabon tsohon miki ne. A bi gefen ƙashin baya biyu da yatsu a hankali, a ga inda naman ya yi tauri ko dokin ya zabura.

Amma sau da yawa ciwon baya daga ƙasa yake tasowa. Ƙafafun gaba suna ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki, kuma yawancin ɗingishinsu daga gwiwa zuwa kofato yake. Dokin da ƙafa ke damunsa yakan karkace tafiyarsa don ya sauƙaƙa mata, bayan makonni baya ya ɗauki ciwon. Masu sayen doki na ƙwarai, a kasuwar Mai'aduwa ko wata, sun san dokin mai baki ya fi gudu, don haka ba sa tsayawa ga zancen dillali. Sai su sa a ja shi da sassarfa a kan ƙasa mai tauri, ba sirdi, su zuba wa kansa ido. In ciwon a ƙafar gaba yake, kai yana ɗagawa daidai lokacin da ƙafa mai ciwo ta taɓa ƙasa, ya sunkuya a kan mai lafiya. In a ƙafar baya yake, ƙugun ɓangaren mai ciwo ya fi hawa da sauka.

Daga nan a ɗaga kofato. Ƙusa, ƙaya, tsakuwa da ta maƙale, zafi a jikin kofaton, ko wari da baƙin ruwa a tsagin tafin, wanda damina da turke mai laka ke kawowa. Kofato yana tsawo kusan santimita 1 a wata, yana son gyara duk mako 6 zuwa 8. In an bar shi ya tsage, to bango ya tsage, ƙadangare ya samu wurin shiga. Hujin ƙusa kuma ƙofa ce ga cutar nan mai sandarar da jiki, wadda doki ba ya jure mata, alhali akwai allurar rigakafinta.

Wata masifar son doki ne ke jawo ta. Ya shekara a turke, Sallah ta matso, sai a tula masa gero da dawa don ya yi ƙiba. Hatsi mai yawa lokaci guda yana kumbura naman da ke riƙe ƙashi a cikin kofato, ka ga doki ya miƙe ƙafafun gaba yana jingina baya kamar mai taka garwashi. Ba a fafe gora ranar tafiya. A ƙara abinci kaɗan-kaɗan, harawa da ciyawa su fi yawa, a riƙa fita da shi kilisa tun da sauran watanni.

Magabata sun bar mana abubuwa masu amfani: hutu, wanke miki da ruwan gishiri, ruwan sanyi a kan sabon kumburi, man kaɗanya ga fatar da ta bushe. Lalas kuwa ban ga hujjarsa ba, ƙuna ce a kan ciwo. Haka allurar kashe zafi da ake dirka wa doki da asubar hawa don ya daina ɗingishi: ciwon yana nan, bakinsa aka toshe, kuma sukuwar ranar na iya gurgunta shi har abada. Likitan dabbobi yana iya kashe jijiyar ƙafa gaɓa-gaɓa har ya gano inda ciwon yake, hoton ƙashi kuma yana nuna in ƙayoyin ƙashin baya na gogar juna. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na daga cikin wuraren da ake kai irin wannan matsala.

Ya kai mai doki, in ɗingishi ya wuce kwana biyu, ko dokinka ya ƙi taka ƙafa sam, ka kira likita. Ka haƙura da hawan bana, ka ari na ɗan'uwa.