Sauka Ta Fi Tashi Wuya

Manomin Cadawa da ya taɓa ganin ƙaramin jirgin feshi yana shawagi ƙasa-ƙasa a kan gonakin gero a shekarar fara, tashin jirgin ne ke burge shi. Su kuwa matuƙa, sauka ce ke sa su zufa. A 'yan mintocin nan dole a rage gudu, amma in ragin ya wuce kima sai fukafukai su kasa ɗaukar jirgin, ya sulalo, ga ƙasa kusa, babu sararin gyara.

Yanayin Maraɗi da kewayenta, inda Cadawa take, ma ba ya raga wa sabon hannu. Da bazara iska kan yi zafi ta rage kauri, jirgi ya ci fili mai tsawo kafin ya tsaya. Da hunturu hazo kan rufe titin sauka. Gogaggen matuƙi in ya ga saukar ba ta daidaita ba, sai ya ƙara wuta ya sake zagayowa. Ɗan koyo shi ne ke nacewa, don kada a ce ya kasa.

An ga illar rashin gogewa ranar 25 ga Oktoba, 2012: gwamnan Taraba Danbaba Suntai, masanin haɗa magunguna da ya koyi tuƙi a kwalejin jiragen sama ta Zariya, ya tuƙo jirgi ƙirar Cessna 208 da kansa daga Jalingo zuwa Yola, ɗauke da muƙarrabansa. Bai kai filin jirgin Yola ba, jirgin ya faɗi. Hukumar binciken haɗurran jiragen sama ta Najeriya ta gano cewa lasisinsa na tuƙin ƙashin kai ne, bai cancanci tuƙa irin wannan jirgi ba, bai kuma ƙware a tuƙi da na'urori kaɗai ba, irin wanda ake yi in ido ya daina gani. Ga shi rana ta faɗi yana sama.

Abin da ke ɗaure kai shi ne yadda aka bar jirgin ya tashi tun farko. To, amma wa zai dubi gwamna ya ce, "Ranka ya daɗe, a bari sai da safe"?

Suntai ya tsira da rauni a ƙwaƙwalwa. An yi ta jinyarsa a Jamus da Amurka, bai sake komawa yadda yake ba har ya rasu a watan Yunin 2017.