BABI NA BIYU: TAƘAITACCEN TARIHIN ALHAJI ISA KAITA, MINISTAN ILMIN JIHAR AREWA

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a kawo tarihin rayuwar Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina, wanda ya riƙe Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Arewa daga shekarar 1957 zuwa 1966. Za a duba tasowarsa da ayyukan da ya yi kafin ya shiga siyasa, sannan a yi bayanin halin da ya tarar da ilmin boko a Arewa, da kuma hanyar da gwamnatinsu ta bi don ganin 'yancin kai bai riski Arewa ba tare da ma'aikata 'yan ƙasa ba.

2.1 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Isa Kaita a Katsina cikin shekarar 1912, a gidan sarauta, domin mahaifinsa Malam Haruna shi ne Wazirin Katsina. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, wadda Turawa suka buɗe don horar da malaman makaranta, ya kuma kammala a shekarar 1932. A wannan kwaleji ya yi zamani da Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, waɗanda daga baya suka zama abokan tafiyarsa a siyasa. Bayan ya gama sai aka tura shi koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, inda ya yi shekara tara yana riƙe da alli. Ke nan, tun kafin ya zama minista ya san ciki da wajen aji, ya kuma san irin ƙarancin malamai da ake fama da shi.

2.2 Aikin Rediyo da na En'e

A shekarar 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya tafi Ankara ta ƙasar Gwalkwas, wato Gana ta yanzu, inda ya yi aikin watsa labarai da Hausa a gidan rediyo tare da Malam Bello Dandago. Ya komo gida a 1944, ya kama aiki a En'e ta Katsina a ƙarƙashin Sarki Usman Nagogo. A 1948 ya tafi garin Exeter na Ingila, ya karanci harkar gudanar da mulki. Waɗannan tafiye-tafiye sun buɗe masa ido, ya ga yadda sauran al'ummu suka yi nisa ta fuskar ilmin zamani.

2.3 Shigarsa Siyasa

Tsarin mulkin Macpherson na 1951 shi ya fara bai wa 'yan ƙasa damar zama ministoci. A wannan shekara aka zaɓi Isa Kaita zuwa Majalisar Jihar Arewa a Kaduna, yana cikin jam'iyyar NPC. A 1954 ya zama Ministan Ayyuka, daga baya ya koma Ma'aikatar Albarkatun Ƙasa. Cikin 1957 ya gaji Aliyu Makaman Bida, wanda shi ne ɗan Arewa na farko da ya riƙe Ma'aikatar Ilmi, bayan an mayar da Makama Ma'aikatar Kuɗi.

2.4 Halin da Ya Tarar da Ilmi

Ba za a fahimci nauyin da ke kansa ba sai an koma baya kaɗan. A Kudu, 'yan mishan sun kafa makarantu tun cikin ƙarni na 19. A masarautun Arewa kuwa, Turawa sun taƙaita shigar 'yan mishan, makarantun gwamnati da na En'e kuma ba su da yawa. Bugu da ƙari, iyaye da dama suna gudun boko don tsoron kada ya raba 'ya'yansu da addini. Wannan ya sa galibin akawuna da ma'aikatan gidan waya da na jirgin ƙasa a Arewa suka kasance 'yan Kudu, manyan kujeru kuma suna hannun Turawa.

Wannan giɓi ne ya fito fili a 1953, lokacin da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ƙi amincewa da tsayar da shekara. Dalilinsu shi ne, in Turawa suka tashi alhali Arewa ba ta da masu ilmin da za su maye gurbinsu, to an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Saboda haka aka ɓullo da manufar cike ma'aikatu da 'yan Arewa, Ma'aikatar Ilmi kuwa ita aka ɗora wa alhakin samar da mutanen.

2.5 Hanyar da Aka Bi

Jihar Yamma ta fara ilmin firamare kyauta ga kowa a 1955, Jihar Gabas ta biyo baya a 1957. Arewa ba ta bi wannan sahu ba. Idan aka lura da ayyukan ma'aikatar a zamanin Isa Kaita, za a ga an fi mai da hankali ga horar da malamai da ƙara makarantun sakandare na larduna, domin buɗe aji ba malami aikin banza ne. An kuma ci gaba da shirin Yaƙi da Jahilci na koya wa manya karatu da rubutu.

Arewa ta sami mulkin kanta ranar 15 ga Maris, 1959, Nijeriya kuma ta sami 'yanci ranar 1 ga Oktoba, 1960. A 1960 kwamitin Ashby ya miƙa rahotonsa, inda ya ba da shawarar kafa jami'a a Arewa. Shekarar 1962 ita ce mafi muhimmanci a zamanin ministancinsa. A cikinta aka yi sabuwar dokar ilmi wadda ta tsara yadda hukumomin ilmi na yankuna za su kula da makarantun firamare. A cikinta aka buɗe Babbar Kwalejin Horon Malamai ta Zariya. Har ila yau, a watan Oktoba na shekarar aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello da ɗalibai 426, aka haɗa mata Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano.

Sai dai wannan hanya tana da nata naƙasu. An sami ma'aikatan da suka riƙe gwamnati, amma yawancin yaran karkara, musamman mata, ba su taka ƙofar makaranta ba. Ilmin firamare ga kowa bai game Arewa ba sai da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shi a 1976.

2.6 Ƙarshen Rayuwarsa

Juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, wanda aka kashe Sardauna a cikinsa, shi ya kawo ƙarshen ministancin Isa Kaita. A zamanin Shugaba Shehu Shagari ya shugabanci Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata. Allah ya yi masa rasuwa a Kaduna cikin 1994. Don tunawa da shi aka sa wa Kwalejin Ilmi ta Dutsin-ma sunansa.

2.7 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda malamin Midil ya zama Ministan Ilmi a daidai lokacin da ƙarancin masu ilmin boko ya kusa hana Arewa tafiya kafaɗa da kafaɗa da sauran jihohi. An kuma ga cewa gwamnatinsu ta fifita samar da malamai da ma'aikata a kan game ƙasa da makarantun firamare. A babi na gaba za a duba tasirin wannan zaɓi a kan ilmin 'ya'ya mata.