Tashi da Yara a Tsakiyar Shekarar Karatu: A Fara Ɗaure Kayan Makaranta

Ran da takardar canjin wurin aiki ta iso hannun magidanci, ko ran da mai gidan haya ya aiko cewa yana bukatar gidansa a ƙarshen wata, hankalin mutanen gida kan koma wuri guda: ina za a samu mota, nawa ne kuɗin haya a can, wa zai kwance gado, wa zai tattara tukwane. Uwargida na ɗaure kaya, maigida na kai da kawowa tsakanin tasha da wurin aiki. Yaro kuwa yana gefe rungume da jakarsa, ba wanda ya tambaye shi inda malaminsu ya tsaya. Sai an sauka sabon gari, an yi mako biyu ana shara da jere, sannan a tuna cewa an baro wani abu da mota ba ta ɗaukowa, wato karatun yara.

Ƴan uwa iyaye, tashi ba baƙon abu ba ne a Nijar. Malaman makaranta, ma'aikatan lafiya, sojoji da jandarmomi duk sun saba da shi, haka ƴan kasuwa. Wasu kuma dole ce ke tashinsu. A shekarar 2024 ambaliyar ruwa ta raba iyalai da dama da gidajensu, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga watan, domin azuzuwa da yawa sun lalace, wasu kuma mutane sun fake cikinsu. Ba kowa ke da zaɓin ranar tashinsa ba. Amma kowane uba na iya sa makarantar ƴaƴansa a farkon lissafi.

Zaɓen lokaci

Shekarar karatu kan fara a watan Oktoba ta ƙare a watan Yuni, kuma an kasa ta zango uku. Wanda ke da halin jinkirta tashi, ya jira hutun ƙarshen Disamba ko na ƙarshen Maris. A lokacin yaro ya gama jarrabawar zango, an rubuta masa sakamako, zai shiga sabon aji ranar da kowa ke komawa. Idan aka tashi ana saura mako guda jarrabawa, yaro kan rasa ta a can, ya iske an gama ta a nan, sai zango guda ya tafi ba maki.

A kuma sani cewa ko da yake tsarin karatun ƙasa ɗaya ne, makarantu ba su tafiya kafaɗa da kafaɗa. Inda ake karatu cikin rumfar kara, sau da yawa sai an yi girbi ake samun abin kafa aji, saboda haka darasi kan fara a makare. Yaron da ya fito daga irin wannan makaranta zai iya iske sabbin abokansa sun yi masa nisa, alhali ba laifin ƙwaƙwalwarsa ba ne. Littattafansa na rubutu su ne shaidarsa. Kada a zubar da su ran shara. A kai wa sabon malami ya duba inda aka tsaya.

Takardu kafin tukwane

Kafin a loda kaya, uba ya je da ƙafarsa wurin shugaban makaranta ya sanar da shi. Ya karɓi takardar shaidar cewa yaron ɗalibi ne a can, da takardar canjin makaranta, da takardun sakamakonsa. Ya haɗa su da takardar haihuwa cikin leda guda wadda za ta zauna a jikinsa, ba cikin akwatin da za a ɗaure saman mota ba. Tsakanin Damagaram da Yamai akwai kimanin kilomita 900. Komawa neman sa hannu guda ba ƙaramin aiki ba ne. Wanda ɗansa ba shi da takardar haihuwa, ya nemi hukuncin kotu da ke maye gurbinta tun yana garin da ake da shaidun haihuwar yaron.

Haka nan a nemi gurbi a sabuwar makaranta tun ba a tashi ba. Azuzuwan birane a cike suke. Ɗan uwa ko abokin aiki da ke can na iya zuwa ya tambayo. Kuma wajen zaɓen gidan haya a duba nisansa da makaranta, da titin da yaro zai riƙa tsallakawa, kamar yadda ake duba famfo da lantarki.

Ɗan ajin jarrabawa

Wanda ya fi shiga hatsari shi ne ɗan ajin ƙarshe na firamare, wato CM2, da mai shirin BEPC ko BAC. Takardun masu jarrabawa tun watanni kafin ranarta ake tattara su, kuma sunan ɗalibi kan fito ne inda aka rubuta shi. A tambayi hukumar makaranta ko za a iya mayar da sunansa sabon gari. In ba za a iya ba, sai a zaɓa: ko ya zauna hannun dangi ya ƙarasa shekara, ko ya bi iyaye ya dawo lokacin jarrabawa.

Riƙo al'adarmu ce mai kyau, amma ba kowane gida ne gidan karatu ba. A duba ko yaron zai samu fitila da lokacin bita, ko kuwa aike ne zai cinye masa yini. A yanka wa mai riƙo abin ciyarwa, kuma a riƙa kiran yaron shi kansa a waya.

Irin makaranta da harshe

Makarantun gwamnati ba iri ɗaya ba ne. Akwai na Faransanci zalla, akwai na Faransanci da Larabci waɗanda tushensu ke madarasar garin Say ta 1957, akwai kuma masu fara koyarwa da harshen gida, abin da aka soma gwadawa da Hausa a Damagaram a 1973. Yaron da ya yi shekara huɗu a ɗaya, idan aka jefa shi wata daban a tsakiyar shekara, zai sha wuya. A nema masa irin wadda ya baro.

A filin wasa ma akwai batun harshe. Ɗan Maraɗi da ya sauka Dosso ko Tilaberi zai ji Zabarmanci ko'ina, wanda ya sauka Difa ya ji Barbarci. Ko tsakanin Hausawa, yara kan yi wa baƙo dariyar karin harshensa. Baƙo ko da ido makaho ne, sai an kama masa hannu. Uwa ta shiga maƙwabta ta gaisa, ta samo masa abokin tafiya makaranta tun ranar farko.

Allo ma kaya ne

Sau da yawa akan tuna da boko a mance da allo. A kai yaro ya yi sallama da malaminsa, a nemi albarkarsa, a tambaye shi surar da yaro ya kai da inda haddarsa ke da rauni. Makarantun allo na gargajiya galibi da ruwayar Warshu suke karantarwa, Islamiyyu da yawa kuwa da Hafsu. Ko rubutun ya bambanta: a na allo ɗigon fa yana ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare shi a sama. Duka karatu ne ingantattu, amma yaron da ba a yi wa bayani ba zai ɗauka malaminsa na dā kuskure ya koya masa. A sanar da sabon malami tun ranar da aka kai shi.

Ɗiya mace da zuciyar yaro

A sabon gida aiki kan yi yawa, kuma ɗiya mace ake fara cewa ta ɗan dakata ta taya uwarta jere. Mako ya zama wata, wata ya zama shekara, har maganar makaranta ta bi ruwa. A sa ta ranar da aka sa ƴan uwanta maza.

Yara ma suna jin zafin rabuwa. A gaya musu maganar tashi da wuri, a bar su su yi bankwana da abokai. Idan bayan sauka yaro ya yi shiru, ko ya fara ƙin abinci, ko ya riƙa kukan ciwon ciki da safe, kada a gaggauta ɗaukar bulala. A zauna da shi bayan sallar isha'i a ji abin da ke damunsa, sannan uba ya leƙa wurin malami bayan mako biyu.

Gado in ya karye a hanya kafinta zai gyara shi, tukunya in ta fashe akwai wata a kasuwa. Shekarar yaro kuwa in ta salwanta ba a sayo ta. Allah ya sa mu sauka lafiya, ya yi wa zuri'armu albarka, amin.